Tsaye ko Kwance: Littafin Tafiyar Mai Hoto daga Tiga zuwa Riruwai

Litinin, Tiga

Kaka ta kammala, masara da shinkafa sun koma kuɗi, aure da suna sun tashi ko'ina a kudancin Kano. Ayyukan da na karɓa sun jeru a hanya ɗaya: Bebeji, Kiru, Tudun Wadan Dankadai, sai ƙasar Doguwa bayan an ratsa dajin Falgore. Na ƙudura zan raba wata tsohuwar gardama ta masu sana'armu a wannan tafiya, gardamar biraket, ƙarfen nan da ake ɗaura wa kyamara don ya ɗaga filash sama da lens. Wasu sun ce kayan tsofaffi ne, wasu sun ce ba a hoton biki sai da shi.

Tushen matsalar siffar hoto ce. Tun da Leica ta shigo kasuwa a 1925 da awon milimita 24 a 36, hoto ya zama mai tsawo ta gefe guda, kuma kyamarorin yau sun gaji wannan awo. Taro sai a kwance, mutum ɗaya daga hula zuwa takalmi sai a tsaye. Filash kuwa a kan kyamara yake zaune, da ka juya ta ya bar sama ya koma gefen lens, inuwar mutum ta zube a bango ta ɗaya gefen, baƙa wuluk. Tsofaffin da suka yi aiki da Yashica ko Rolleiflex ba su san wannan damuwa ba, domin hotonsu 6 a 6 ne, tsawo da faɗi ɗaya. Mamiya RB67 ta 1970 kuwa bayanta kaɗai ake juyawa, jikinta na nan daram.

A jakata akwai Canon 5D Mark III da lens 24-105, filash Godox TT685, wayar TTL, tiriga, lema, da biraket iri biyu. Ɗaya nawa ne, mai hannun da ake kifawa: ka juya kyamara, ka kifa hannun, filash ya dawo sama. Ɗayan aro ne, mai juya kyamara ita kaɗai a cikin ƙarfen, filash na tsaye bai motsa ba.

Mun wuce Makarantar Horon Lauyoyi ta Bagauda da la'asar, muka isa madatsar Tiga rana na shirin faɗuwa. An gama ta a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, ita ke shayar da gonakin rani na Kadawa da Kura. Na tsayar da yarona mai taya ni aiki a bakin ruwa na ɗauke shi tsaye, da biraket da kuma babu. Bambancin bai taka kara ya karya ba. Inuwar gefe sai ta sami bango take bayyana, a nan kuwa bayansa ruwa ne da sararin sama.

Talata, Bebeji

Walimar saukar Alƙur'ani a wata Islamiyya cikin garin Bebeji, garin da aka haifi Alhassan Dantata a 1877. An gama karatu, aka shiga aji don ɗaukar hoton kowane ɗalibi da allonsa. Ɗakin da silin fari, ba shi da nisa sosai, bango da farin fenti. Na cire biraket gaba ɗaya, na ɗaga kan filash ya dubi silin, na zaro farin katin da ke cikinsa. Haske ya bugi silin ya sauko a baje, inuwa ta yi laushi ta kwanta a ƙasa bayan yaro. In na tayar da kyamara tsaye, sai in murɗa kan filash ya sake duban sama. Ɗan katin ne kawai ke komawa gefe, shi ma na mai da shi ciki. Aiki ya yi sauri, hannu bai gaji ba.

Abin da ya nemi kula shi ne fararen kaya. Yara maza duk cikin farin yadi, 'yan mata cikin fararen hijabai. TTL na aika ɗan haske kafin na gaske, ya auna abin da ya dawo, ya yanke ƙarfin da zai bayar. In ya ci karo da fari fat, sai ya ɗauka haske ya yi yawa, ya rage, fuskar baƙin mutum ta nutse. Na ƙara masa mataki ɗaya, fuskoki suka fito, zaren ɗinki bai ɓace ba. Daga baya da na ga kowa a wuri ɗaya yake tsayawa, na bar TTL na saita ƙarfin da hannu, domin nisan bai canza ba balle hasken ya canza.

Shugaban makarantar ya leƙa bayan kyamara ya ce, "Malam mai hoto, fitilar taka sama take kallo, yara kuma suna nan ƙasa."

Na ce, "Allah ya gafarta Malam, silin ɗinku nake aro, shi ne fitilar yau."

Ya yi dariya ya ce ashe kuɗin fentin bai tafi a banza ba.

Da dare yarona ya ce, "Oga, to mene ne amfanin ɗauko ƙarfen nan tun daga Kano?" Na ce ya bari mu shiga Kiru tukuna.

Laraba, Kiru

Suna a wani ƙauye na ƙasar Kiru. Bayan an raɗa suna an raba goro, mai gida ya ce a ɗauki dattawa a zaure. Zauren ginin ƙasa ne, rufin azara da ya sha hayaƙi ya yi baƙi, bango ja. Haske in ya bugi irin wannan rufi ba ya dawowa, ɗan abin da ya dawo kuma ya ɗebo jan bango ya shafa wa farar riga. Dole filash ya dubi mutane kai tsaye. Dattawan kuma sun jingina da bango, ba kuwa za ka ce wa kakan jariri ya taso ya matso tsakiyar ɗaki don jin daɗin kyamararka ba.

A nan biraket ya biya kuɗinsa. Na ɗaura mai kifawa, filash ya hau sama da lens da kimanin taƙi ɗaya. Hoton taro a kwance, na kifa hannun, hoton kakan shi kaɗai a tsaye. Duk biyun inuwa ta sauka bayan kafaɗa, jikin mutum ya rufe ta. Don yarona ya gani da idonsa, na ɗauki guda ɗaya a tsaye filash na kan kyamara: ga rawanin Baba, ga wani baƙin rawani na biyu a bango gefensa. Gani ya kori ji.

Ɗaga filash na da wani amfanin. Jan ido a hoto daga kusancin filash da lens yake: haske ya shiga ido a ɗaki mai duhu, ya bugi jijiyoyin jini na can ciki, ya dawo ta hanyar da ya bi. In filash ya yi nisa da lens, abin da ya dawo ba ya samun kyamara. Haka ma ƙyallin tabarau yake raguwa. Amma tsawon na da iyaka. Da na matso kusa da mai rawani, sai inuwar goshin rawanin ta sauko kan idanunsa, amawali kuma ya yi duhu a ƙarƙashi. Na ja baya na zuƙo da lens, hasken ya kwanta, idanu suka buɗe.

Aibin mai kifawa ya bayyana da muka shiga ɗakin mai jego, wanda ke da silin. In an kifa hannun, filash na kwanciya a gefensa, sai ka sake murɗa kansa kafin ya dubi sama, in ka dawo kwance ka sake warwarewa. A ɗakin mata ba a son mai hoto ya daɗe yana murɗe-murɗe. Na cire shi na koma aikin jiya.

Alhamis, Kwanar Dangora

Babu biki yau. Mun tsaya a Kwanar Dangora, inda hanyar Jos ta rabu da ta Zariya, don yarona ya yi wa tasa ƙaramar kyamarar biraket a wajen mai walda. Tun jiya ya ɗauki zancen da zafi. Mai waldar ya juya nawa a hannu, ya ce wannan ai aikin minti talatin ne. Ya yanko siririn ƙarfe, ya lanƙwasa, ya huda, sannan ya ɗebo noti zai gwada a gindin kyamara.

Na ce, "Maigida, dakata. Kada wannan ya shiga."

Ya ce, "Ai daidai yake, lamba shida ne."

Da ido daidai yake, amma ba ɗaya ba ne. Ramin gindin kyamara awon inci ne, rubu'in inci mai zare 20 a kowane inci. Notin kasuwa mai milimita 6 zarensa ya fi matsewa. Zai shiga zagaye ɗaya ko biyu ya cije, in aka matsa masa ya cinye zaren ramin, gyaran kuma ya fi kuɗin biraket goma. Muka ciro na gaske daga farantin wani tsohon tirafod. Na sa aka manna robar tayar keke inda kyamara za ta zauna, aka kuma ɗaga ɗan leɓe a bayan ƙarfen. Dalili shi ne, da ka tayar da kyamara tsaye, nauyin lens na jan ta ta zame a kan noti ɗaya, filash ya dubi gabas lens ya dubi arewa. Masu tsada irin na Stroboframe da Custom Brackets suna da faranti na musamman don hana wannan zamewa. Duk mai sayen biraket ya fara duba nan kafin ya dubi fenti.

Abu na ƙarshe, mazaunin filash. In na ƙarfe ne tsura, ƙananan haƙoran da ke ƙarƙashin filash za su iya taɓa shi su haɗu, filash ya riƙa tashi shi kaɗai ko ya ƙi tashi. Muka liƙa salatif a ciki. Na yaron ba ya kifuwa, na tsaye ne kawai, amma ya ce hoton ɗaiɗaiku yake son ya ƙware a kai, ya ishe shi.

Mun kwana a Tudun Wada. An ɗauke wuta, muka kai batura wajen mai cajin waya.

Juma'a, Tudun Wada

Ɗaurin aure bayan an sauko daga masallaci. Rana tsaka, ƙurar hunturu ta yi fari a sama, hula da rawani sun jefa wa kowa inuwa a ido. Mutane da yawa na mamakin ganin filash da rana, alhali a lokacin ake fi bukatarsa, don ya cike wannan inuwa. Kyamarata ba ta jituwa da filash in saurin shota ya wuce 1/200, sai an kunna HSS, tsarin da ke sa filash ya bi shota mai sauri, shi kuma yana cin ƙarfin filash da batir. Na zaɓi in tsaya a 1/200, ISO 100, in tsuke ido zuwa f/11. Lambar ƙarfi 60 da aka rubuta wa filash ɗin sai an matse haskensa zuwa milimita 200 ake samunta. In aka buɗe shi don taro, ta ragu sosai, ga f/11 kuma, don haka bai wuce 'yan taku yake kaiwa ba. Haske in nisa ya ninka biyu, kashi ɗaya cikin huɗu ke isa. Shi ya sa na jera abokan ango sahu biyu a matse maimakon huɗu, don kada na gaba su ƙone na baya su dushe.

Yau na gwada na aro, mai juya kyamara. A wajen ɗaurin aure babu jira. Yanzu ango na gaisawa da waliyyi, a kwance. Kafin ka ƙifta ido wani Alhaji ya gyara babbar riga ya ce a ɗauke shi shi kaɗai har takalmi, a tsaye. Da wannan biraket wuyan hannu kawai nake juyawa, filash na sama, waya ba ta harɗewa. Ya fi mai kifawa sauri nesa ba kusa ba. Sai dai abu biyu. Filash na nan a kwance yayin da hoto ke tsaye, don haka in lens na milimita 24 hula da takalmi na ɗan dushewa, sai na buɗe haskensa fiye da lens. Na biyu nauyi. Kyamara da lens da filash da ƙarfe sun haura kilo biyu, kafin la'asar kafaɗata ta shaida.

Wani matashi mai ɗauka da waya ya ce, "Yallaɓai, me zai hana ka ɗauki komai a kwance, in ka koma ka yanke?" Tambayar mai ma'ana ce, inuwar gefe ba za ta taso ba. Amma in ka yanko hoton tsaye daga na kwance, abin da ya rage maka bai kai rabin hoton ba. A waya ba a ganewa. Ranar da Alhaji ya ce a wanke masa babba a sa a firam, ranar ce aikin wuyan rigarsa zai dagule.

Asabar, hanyar Falgore zuwa Riruwai

Mun yi sammako don mu ratsa dajin da rana. Tun zamanin Turawa aka keɓe shi da sunan Kogin Kano, kafin ya zama gandun namun daji na Falgore. Daga nan ƙasa ta fara tudu, itatuwa suka yi kauri, sanyi ya ƙaru. Riruwai, hedikwatar Doguwa, tsohon garin haƙar kuza ne a cikin duwatsu, kuma dangin ango sun roƙi hoton garin don shafin farko na albam.

Wannan aikin tirafod ne, babu filash. Nan ma tsaye da kwance na da tasu rigimar. In ka karkatar da kan tirafod don hoton tsaye, kyamara na ratayewa a gefe, nauyi ya bar tsakiya, a kan dutse mai gangara kuma iska kaɗan ta isa ta kifar da komai. Maganinsa faranti mai siffar L, wanda ke rungumar gindi da gefen kyamara, irin awon Arca-Swiss. Ka kwance, ka tayar, ka ɗaure, lens na nan a tsakiyar ƙafafu uku. Na ɗauki garin a kwance, na ɗauki wani dutse da bishiya a gindinsa a tsaye, ban taɓa ƙafar tirafod ba. Abin lura ga mai saye: gefen farantin kada ya toshe ramukan waya na kyamara.

Da dare kamu a tsakar gida, ƙarƙashin kanofi mai ratsin ja da shuɗi, ga kwan fitila na janareta. Kanofi mai launi ba abin buga wa haske ba ne, sai ya rina fuskar amarya. Na sa filash a sanda da lema, tiriga a kan kyamara, yarona ya riƙe. Wannan ya fi kowane biraket kyawun haske, kuma ina juya kyamara yadda na so, fitila ba ruwanta. Amma iskar hunturu ta cika lemar, mata sun cika fili, wata gwaggon amarya ta ce, "Ɗan nan, kau da sandar nan, za ka tsone wa mutane ido." Ta fi mu gaskiya. Muka naɗe lema, na koma biraket da ƙaramin akwatin tausasa haske a kan filash. Na sassauta shota zuwa 1/60, na ɗaga ISO zuwa 1600, don fitilun gidan su fito, kada amarya ta tsaya cikin baƙin duhu ita kaɗai. Sanyi ya sa batura saurin sanyi, na ajiye na canji a aljihun ciki.

Lahadi, Doguwa

Ɗakin amarya, kafin buɗar kai. Bango ruwan hoda, labule mai ƙyalli, jeren kwanuka da tangaran a cikin kabad mai gilashi, madubi a gefen gado. Duk inda filash ya duba kai tsaye sai ya dawo. Silin fari ne, don haka na ajiye ƙarfe na buga sama, na tsaya a karkace da gilashin kabad. Hoton lalle a hannu na ɗauka kusa da taga babu filash sam. Uwar amarya ta ce, "Malam, a yi mana masu tsayi da yawa, na sawa a waya." Gaskiyarta. Fuskar waya 9 a 16 ce, ta fi hoton kyamara siranta, don haka na bar fili dama da hagu saboda yanka. Hoton tsaye yanzu ya fi na kwance kasuwa, abin da ya sa inuwar gefe ta zama matsalar kullum.

A mota na rubuta abin da zan gaya wa abokan gardama. Kafin ka tambayi sunan kamfani, tambayi rufin ɗakunan da kake aiki a ciki. Mai aiki a zaurukan biki na birni masu farin silin, filash mai murɗa kai da ɗan kati sun ishe shi, ya sa kuɗinsa a batura. Mai aikin situdiyo ko wurin da ke da fili, ya sayi tiriga da sanda da lema. Amma wanda ke shiga zauren azara, ɗakin kwano marar silin, kanofi mai launi da cunkoson tsakar gida, biraket ba ado ba ne a wurinsa.

A cikin biyun, mai juya kyamara zan saya, in mayar da na aro ga mai shi. Zan je shago da kyamarata a hannu, in ɗaura in gwada: ya juya ta ɓangaren da maɓalli zai kasance a sama, ya bar ni in canza batir ba sai na kwance shi ba, ya ƙi zamewa in lens ya rataya. Zan haɗa da wayar TTL ta biyu, domin a wuyanta take karyewa, kuma babu mai sayar da ita tsakanin Tudun Wada da Riruwai. Mai kifawa zai koma hannun yarona. Ya riga ya karɓi aikin suna na kansa a Kafin Maiyaki mako mai zuwa, kuma tambayar farko da ya yi wa mai gidan a waya ita ce ko zaurensu na da silin.